Tambaya da Amsa: Ina so in zama mai binciken shuka da yanayi

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Bana na kammala sakandare, kuma ina sha'awar aikin masu binciken yadda zafi da ƙarancin ruwan sama ke taɓa amfanin gona. Me zan karanta, kuma yaya aikin yake? Daga wani ɗalibi a Gwadabawa.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya yi maka jagora. Ka samu kiredit 5, ciki har da Turanci, lissafi, kemistiri da bayoloji ko aikin gona, ka nemi Tsangayar Aikin Gona ta Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Karatun shekara 5 ne, sai ka karkata ga kimiyyar amfanin gona. Mai bincike kuwa sai ya ƙara digiri na biyu, galibi har na uku. Ana aikin a jami'o'i, da cibiyar bincike ta Samaru a Zariya, da ta Tafkin Chadi a Maiduguri mai kula da gero da alkama, da ofisoshin ICRISAT da IITA, cibiyoyin binciken noma na ƙasa da ƙasa, a Kano.

Shi aikin kansa awo ne a cikin rana. A ce kana son sanin geron da ya fi jure makarar damina. Ka ɗauki iri 3, ka shuka kowanne a ranaku 3 da tazarar kwana 14, ka maimaita sau 4: ƙananan filaye 36 ke nan. Ƙuri'a ce ke raba wa kowane iri wurinsa, domin gona ba ta zama ɗaya. Irin da ya faɗa gindin gawo ko tsohon makwancin shanu zai yi kyau, ka yaba masa alhali taki ne ya yi aikin.

Ma'aunin ruwan sama a fili ake kafa shi, nesa da itace, a karanta kowace safiya a lokaci guda. Milimita 1 na nufin lita 1 a kan murabba'in mita 1. Sakkwato kan samu kamar milimita 600 zuwa 700 tsakanin Yuni da Satumba, amma jimillar kaɗai yaudara ce. Farin mako biyu lokacin da gero ke fure ya fi ɓarna a kan ruwan da ya ragu a ƙarshen damina. Shi ya sa ake rubuta ranar da rabin shukar kowane fili ta yi fure.

Wurin girbi ake yawan tafka kuskure. Layukan tsakiya kawai ake yanka, don na gefe sun fi samun haske da danshi. A shanya hatsin sosai kafin a ɗora a sikeli, in ba haka ba ruwa ka auna. Geron da ya riga na maƙwabta nuna kuma, tsuntsaye za su yi masa rubdugu. In ba ka sa mai tsaro ba, iri mai kyau zai fito na ƙarshe a lissafinka. Kada kuma ka yanke hukunci da damina ɗaya. Aƙalla biyu.

Da rani ma ba hutu. Alkama sanyin hunturu take so: a shuka a Nuwamba, in aka jinkirta shuka har Janairu zafin Maris zai riske ta tana cika ƙwaya, ta tsamure.

Ka riƙe lissafi da kwamfuta da kyau, a nan ɗalibai da yawa ke tuntuɓe. Kuma ka fara tun daminar nan a gonarku: gwangwani mai miƙaƙƙen jiki, rula da littafi. Zurfin ruwan da ya taru a gwangwanin shi ne milimitar ruwan da aka yi. Ka rubuta shi tare da ranar shuka, ranar tsiro, ranar fure da yawan damman da aka samu.