Injin ya sha garambawul amma yana shan baƙin mai

Tambaya: Na yi wa injin motata mai tabo (turbo, na'urar da ke ƙara tura iska cikin injin), mai silinda huɗu, garambawul, aka sa sababbin fistin da ringi. Ta yi tafiyar kilomita 800, amma shuɗin hayaƙi bai daina fita ta salansa ba, baƙin mai kuma yana ta raguwa. A kwanakin farko na riƙa barin injin a silo, yana aiki mota na tsaye, na tsawon lokaci don in lallaɓa shi. Shin sai an sake kwance shi?

Amsa: Kada ka bari a kwance ko noti ɗaya kafin a yi awo. Lallaɓawar da ka ambata ita ce ta fi damuna, domin sabon ringi ba ya zama daram sai matsin ƙonewar fetur ya danna shi da ƙarfi a jikin silinda, har ya goge kaushin da aka bari a bangonta lokacin gyara. Idan injin ya daɗe a silo, matsin ba ya isa, baƙin mai ya ƙone a bangon ya bar shi sumul kamar gilashi, daga nan ringin ya kasa share mai.

A fara da awon matsi, injin da ɗuminsa, an cire fulogi duka, an taka totur har ƙasa. Bai kamata bambanci tsakanin silinda da silinda ya wuce kashi 10 cikin 100 ba. Wadda ta yi ƙasa a zuba mata ƙaramin cokali ɗaya na baƙin mai a sake aunawa. Idan matsin ya tashi, laifin ringi ne. Idan bai motsa ba, a duba bawul ko gasket ɗin kan silinda.

Na fi amincewa da awo na biyu, inda ake hura iska cikin silinda fistin yana can sama, bawul duka a rufe, sannan a kasa kunne. Huci ta bakin zuba baƙin mai yana nuna ringi, ta salansa yana nuna bawul ɗin fitar hayaƙi, kumfa a lagireto kuwa gasket ne.

Lokacin fitar hayaƙin ma shaida ne. Idan da safe kawai yake fita sannan ya ɗauke, robobin bawul ne suke yoyo. A kuma cire bututun da ya fito daga tabo a shafa cikinsa da yatsa, saboda tabo mai zubar da mai ya sha sa an kwance injin da ba shi da laifi.

Idan awon ya tabbatar da ringi, gwada tuƙi mai nauyi da baƙin man da ba na sintetik ba, kana hawa kana sauka da totur a cikin giya. Idan hayaƙin bai ragu ba, to sai a kwance, a sake goge bangon silinda, a kuma duba ko an kifa wani ringi.