Amsa ga mai tambaya kan aikin hanjin jariri da kyamara

Ƙanwata, na ga tambayarki, kin ce jaririnki ɗan wata huɗu likitoci sun ce ciwon Hirschsprung ne, wato matsalar hanji da ake haifar jariri da ita mai hana shi yin kashi, za su yi masa aiki da kyamara ba tare da an tsaga ciki ba, kina tsoron ko ki yarda. Wlh da na karanta sai da jikina ya yi sanyi don nima hanyar nan na biyo da ɗana na biyu.

Shi nawa tun ranar haihuwa baƙin kashin nan na farko bai fito ba har ya wuce kwana biyu, ciki ya kumbura kamar ganga, yana amai kore. Tsofaffi suka ce basir ne, aka yi ta sa masa sabulu ta ƙasa, in ya ɗan yi sai a ce alhamdulillah ya warke, bayan kwana uku mu koma gidan jiya. Sai a asibitin koyarwa aka yi masa hoton hanji aka ɗebi ɗan nama ta dubura aka auna, likitan ya zana min a takarda, ya ce ƙarshen hanjin ne babu jijiyoyin da ke tura kashi, shi ya sa wurin ya matse, na sama kuma ya cika ya buɗe. Ba abin da kika ci da ciki ba ne, haka aka haife shi, kusan ɗaya cikin jarirai 5,000, kuma maza ya fi kamawa.

Aikin kuwa ƙananan ƙofofi uku aka yi masa a ciki, ta nan kyamarar ta shiga, aka cire ɓangaren da ba ya aiki ta dubura, aka jawo lafiyayyen aka ɗinke. Ba sabon abu ba ne fa, tun 1995 wani likita Georgeson a Amurka ya bayyana wannan hanyar. Yau in ba na nuna miki tabon ba ba za ki gani ba. Amma ki tambaye su ko lokaci ɗaya za a gama, don wasu in hanjin ya kumbura sosai sai an fara fitar musu da kashi ta gefen ciki a jaka tukuna.

Ni dai ki yarda, amma kar ki ɗauka ana fitowa tiyata an gama. Makonnin farko kashi yake yi ba adadi, gindinsa ya saluɓe ja wur har ba na iya sa masa famfas, ruwan ɗumi da man zinc mai kauri su suka cece mu. Sun kuma koya min wanke masa hanji da roba da ruwan gishirin asibiti, da farko hannuna rawa yake, yanzu ko cikin dare zan yi.

Abin da ya kusa kayar da ni wata biyar bayan aikin ne, zazzaɓi, ciki ya sake hawa, gudawa mai mugun wari tana fita da ƙarfi, ni kuma na zaci haƙori ne na kwana da shi a gida. Ashe kumburin hanji ne da ke bin masu ciwon ko bayan aiki, kuma yana kisa. In kin ga haka ko ƙarfe biyun dare ne ki ɗauke shi sai asibiti, kar ki tsaya kemis.

Nawa yanzu shekararsa shida, yana firamare, wani lokacin yakan ɗan ɓata wando, shi ya sa kullum akwai na canji a jakarsa. Allah ya ba naki lafiya.