Amsa ga mai kwalaye uku na tsofaffin kayan Kirsimeti

Hajiya, barka da ƙoƙari. Kin ce kina zaune a Amurka, kin je gwanjon kayan wani gida da masu shi suka rasu, kin kwaso kwalaye uku na tsofaffin kayan ƙawata gida na Kirsimeti da na Halowin: ƙwallayen gilas, fitilu, kyandirori, da wata bishiyar ƙarfe mai ƙyalli. Kina son sanin yadda za ki bambance na kuɗi da tarkace, da yadda ake sayarwa a intanet ba tare da asara ba.

Kafin komai, ki ajiye ruwa da sabulu. Kada ki wanke ko ɗaya, kada kuma ki zubar da kwali komai yagewarsa. Waɗannan ƙwallayen gilas ne marar kauri, an zuba ruwan azurfa a cikinsu, an shafa fenti a waje, fentin kuwa ruwa kaɗan ke ɗauke shi. Da zarar jiƙaƙƙen tsumma ya taɓa shi, launin zai biyo tsumman. In ruwa ya shiga ta wuya, azurfar ciki ta yi baƙi, ba ta gyaruwa. Garin neman gira ake rasa ido a wannan sana'a fiye da kowace. Buroshin kwalliya mai laushi, busasshe, shi kaɗai za ki sa ki kaɗe ƙura. Masu tarawa ma sun fi son dusashewar tsufa a kan abin da aka goge ya yi fes, don dusashewar ita ce shaidar shekaru.

Sai gane shekara, wanda a nan kuɗin yake. Ki fara da rubutun ƙasar da aka ƙera abin, ko a gindi, ko a kwali, ko a kan 'yar hular ƙarfen da ke wuyan ƙwallo. "Made in Occupied Japan" na tsakanin 1947 da 1952 ne. "West Germany" daga 1949 zuwa 1990. "Czechoslovakia" bai wuce ƙarshen 1992 ba. Adireshin kamfani a jikin kwali shi ma yana magana: in akwai lambar gidan waya mai alƙaluma 5, kwalin bai riga 1963 ba, don a shekarar aka fara ta a Amurka. In akwai zanen layukan nan da na'urar kanti ke karantawa, to daga 1974 ne zuwa sama. Wannan kaɗai zai raba miki kayan kashi biyu cikin rabin sa'a.

Sunan da za ki fi gani shi ne Shiny Brite. Max Eckardt ne ya kafa shi a 1937, mutumin da dama can yake shigo da ƙwallaye daga Jamus, ya haɗa gwiwa da kamfanin gilas na Corning aka riƙa hura su da inji. Suna da yawa ƙwarai, saboda haka ƙwallo guda mai launi ɗaya ba shi da wani kuɗi. Abin da ake nema shi ne cikakken kwali na dozin da gidajensa na ciki, da masu siffa: ƙararrawa, fitila, masu loɓawa a ciki kamar tauraro, da masu zanen hoto. Akwai kuma na lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da aka hana amfani da ƙarfe da azurfa a irin waɗannan kaya. Su gilas ne garau ana hango ciki, da 'yan layukan fenti, hularsu kuma ta kwali ce ko takarda. Wanda bai sani ba sai ya ɗauka lalatattu ne ya watsar, alhali sun fi masu ƙyallin daraja. Ki kula da abu biyu. Christopher Radko, mai sana'ar kayan ƙawata gida na Kirsimeti, ya farfaɗo da sunan Shiny Brite a 2001, ana ƙera sababbi da tsohuwar siffa, launinsu ya fi kaifi, kwalinsu na da layukan na'ura. Na biyu, hula ana cire ta a sa wa wani ƙwallon, don haka hula ita kaɗai ba hujja ba ce. Ki haɗa da nauyi, da launi, da tsatsar da ta bar tabo a wuyan gilas daidai inda ta zauna.

Na Jamus, musamman na garin Lauscha inda sana'ar ta samo asali, da baki aka hura su. Ki ɗaga hular a hankali: wuyan siriri ne, bakinsa ba daidai ba, wani lokaci da ɗan kaifi. Na inji wuyansa ya fi faɗi, a daidaice. In kin ci karo da mai nauyi, gilas mai kauri da hular tagulla, irin da ake kira kugel, kada ki yi saurin murna, don an cika kasuwa da sababbi daga Indiya. Irin wannan ki nuna wa masani tukuna.

Bishiyar nan taki ta alminiyon ce. Mafi shahara ita ce Evergleam, da aka fara ƙerawa a Manitowoc ta jihar Wisconsin a 1959. Mai saye tambaya uku zai yi: tsawonta, rassa nawa, da ko ƙafar da take tsayuwa a kai ta asali ce. Ki ƙirga ramukan jikin sandar, ki ƙirga rassan, ki faɗi lambar biyu. Kowane reshe yana da rigarsa ta takarda. Ki jawo shi ta gefen wayar ya fito, in kika tura shi baya gashin zai murɗe, ba ya komawa. Bishiya mai launin azurfa ita ce gama-gari, ruwan hoda da na zinare sun fi wuyar samu. Ba a rataya mata fitilun lantarki, don ƙarfe ce, waya ɗaya ta ɓare duk bishiyar ta ɗauki wuta ta ja mutum. Da wata fitila mai faifan launi huɗu da ke juyawa ake haska ta daga ƙasa. In faifan na cikin kwalayenki, shi ma kaya ne mai zaman kansa.

Kyandirorin ki duba gindinsu. In akwai zagayayyen kwali mai sunan Gurley, na Buffalo ne a jihar New York, kuma wanda ba a taɓa kunna lagwaninsa ba shi ake so. Kayan tangaran kamar kofunan kamfanin Holt-Howard sukan zo da shekara a rubuce a gindi. Ki bi bakinsu da yatsa, don ido kan tsallake ɗan ɓalli amma yatsa ba ya tsallakewa.

Na Halowin ki ware su dabam, ki ba su lokaci. Kayan Kirsimeti ana naɗewa a ajiye duk shekara, na Halowin kuwa takarda ne da kwali, ana gama biki a zubar, shi ya sa tsofaffinsu suka yi ƙaranci, kuma shi ya sa jabu ya fi yawa a nan. Kamfanin Beistle na Pennsylvania har yanzu yana sake buga tsofaffin zane-zanensa, ba yaudara ba ce daga gare su, amma ɗan kasuwa marar tsoron Allah zai shafa wa sabo shayi ya ce tsoho ne. Ki sayi 'yar tocilar nan mai shuɗin haske da ake duba takardar kuɗi da ita. Takardar da aka yi bayan wajen 1950 takan yi walƙiya fari-shuɗi a ƙarƙashinta saboda sinadarin ƙara fari, ta da can ba ta yi. Wannan gwaji yana kama sabo ne, ba ya tabbatar da tsoho.

Akwai abubuwa uku masu haɗari. Zaren ƙyalli mai nauyi, mai laushi a hannu, da dalma aka yi shi, an daina sayar da irinsa a Amurka a 1972. Kada yara su taɓa. Kwalin ƙanƙarar ƙarya na shekarun 1930 da 1940 wasunsu asbesto ne, kada ki buɗe ki shaƙa. Fitilu masu bututun ruwa da ke tafasa, irin na kamfanin NOMA da suka fito a 1946, ruwan cikinsu guba ne in bututun ya fashe. Tsohuwar waya kuma in kin lanƙwasa ta kika ji tana ƙas-ƙas, kada ki jona ta. Ki rubuta cewa ba a gwada ba, don ajiya ce kawai. Waɗannan fitilu na wutar Amurka ne mai ƙarfin 120, in aka kai su Najeriya ko Nijar aka jona kai tsaye, nan take za su ƙone.

Farashi ba a ɗaukarsa daga abin da masu sayarwa suka kira. Kowa na iya kiran dala 200, kayan su yi shekara suna kwantai. A eBay, kasuwar saye da sayarwa ta intanet, ki rubuta sunan abin, ki danna "Sold items", ki ga abin da aka biya a zahiri, ki ɗauki guda 5 ko 6 masu kama da naki a lafiya da cika, ki tsaya a tsakiyarsu. Sannan ki cire ladan kasuwa. eBay na cire kusan kashi 13 zuwa 14 cikin 100, kuma daga jimillar da mai saye ya biya ne, har kuɗin aike da haraji. Etsy, wata kasuwar intanet, na karɓar santi 20 na dala a kowane kaya da kika jera na wata 4, da kashi 6.5 in an saya, da ladan karɓar kuɗi dabam, kuma ba ta yarda a kira abu tsoho sai ya kai shekara 20. Misali kin sayar da kwali dala 40 a eBay, mai saye ya ƙara dala 10 na aike: kusan dala 7 ta tafi lada, 10 ta tafi gidan waya, kwali da takardar naɗi su ci 2 ko 3, abin da ya rage wajen 30 ne kafin ki cire uwar kuɗi. Saboda haka ƙananan da ba su kai dala 10 ba, ki haɗa su 12 ko 20 masu launi ɗaya ki sayar a dunƙule. Masu yin kambun ƙofa har fasassun ma suna saye. Na kamfanin Hallmark, da suka fara a 1973, yawancinsu wannan hanya ta fi dacewa da su, don an yi su da yawa kuma kowa ya adana nasa.

Lokaci: na Halowin ki sa su daga Agusta, na Kirsimeti daga Oktoba zuwa makon farko na Disamba. Sayen sari kuwa a Janairu ne da bazara, lokacin da mutane ke share ɗakunan ajiya.

Hoto ki ɗauka da hasken rana a inuwa, ba da walƙiyar waya ba. Gaba, baya, hula, gindi, kwali, da kowane tabo kusa-kusa, da ma'auni a gefe. Aibin da kika ɓoye zai dawo miki, don eBay na ba mai saye kwana 30 ya ce kaya ba yadda aka kwatanta ba ne, kuma ke za ki biya kuɗin dawowa.

Naɗi shi ne inda riba ke fashewa. Ki cire ƙugiyoyin rataya, suna karce fenti. Kowane ƙwallo ki naɗe shi da farar takarda mai laushi, ba jarida ba, tawadarta na kamawa. Ledar nan mai kumfar iska kuma kada ta taɓa fenti kai tsaye, cikin zafi tana mannewa ta bar zane. Ki mayar da su gidajensu, ki cike giɓi da takarda har su daina motsi. Tsohon kwalin kada ki manna masa salatif, shi ma kaya ne; ki naɗe shi, ki sa a sabon kwali mai ƙwari da tazarar inci 2 ta kowane gefe, a cike da abin tausa. Ki girgiza kusa da kunne, in kin ji motsi ki buɗe ki ƙara. Kyandir ba a aika shi tsakiyar zafi. USPS Ground Advantage, hanyar aike ta gidan wayar Amurka, na zuwa da inshorar dala 100, abin da ya haura haka ki ƙara da kanki, ki kuma ɗauki hoton naɗin kafin ki rufe. Manyan mutum-mutumin roba masu fitila a ciki, na Empire ko Union Products, ba su da nauyi amma da girman kwali ake cajinsu, kuɗin aike kan fi kuɗin kayan. Waɗannan ki sa su a Facebook Marketplace, mai saye ya zo ya ɗauka.

Abin da bai fita bana ba, kada ki kai shi saman rufi ko ɗakin ƙasa. Zafin sama na fasa fenti ya narkar da kyandir, laimar ƙasa na sa hula tsatsa, kwali ya yi fumfuna. Kabad a cikin gida, da 'yan ƙunshin nan masu tsotse danshi a kowane kwali, ya wadatar har Oktoba mai zuwa.