Ko ɗalibi zai amfana da littattafan soyayya na Kano?

Assalamu alaikum. Malama, kin tambaya ko ya dace mai nazarin zamantakewar Hausawa ya ba littattafan soyayya na Kano lokacinsa, ko kuwa ya tsaya ga na magabata. Zan amsa miki da abin da na gani a shekarun da na yi ina koyar da Hausa a wata sakandaren 'yan mata.

A farkon aikina ƙwace su nake yi duk lokacin da na kama yarinya ta ɓoye ɗaya a ƙarƙashin littafin darasi, domin na yarda da masu cewa kwaikwayon finafinan Indiya ne kawai, ga kuma karya ƙa'idojin rubutu. A kan haka ne muhawara ta yi zafi a jaridu cikin shekarun 1990, inda masanin adabi Ibrahim Malumfashi ya kira su adabin kasuwar Kano, wani masanin, Abdalla Uba Adamu, kuma ya tsaya musu.

Ra'ayina ya sauya ne a wani dogon hutu da na zauna na karance waɗanda suka taru a durowata, har na kai ga Alhaki Kwikwiyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990. Labari ne na matar da miji ya kora da 'ya'ya tara, ta koma sayar da abinci domin ta riƙe su. Littattafan nan biyar na magabata da suka fito daga gasar ƙagaggun labarai da Baturen ilimi Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, duk da ƙaunar da nake yi musu, maza ne suka rubuta su, kuma babu wanda ya shigar da ni tsakar gida na ji zafin saki da kishi daga bakin wadda abin ya shafa.

Zargin aro kuwa bai ƙara damuna ba, tunda Abubakar Imam kansa ya ɗebo labarai daga Alfu Laila da tatsuniyoyin Turawa ya ɗinka musu rigar Hausa a Magana Jari Ce, ba a kuma taɓa cire shi daga manhaja saboda haka ba.

Gaskiya ne da yawansu maimaici ne, wasu ma ba sa karantuwa. Wahalar da za ki fi sha ita ce samunsu, domin an buga su a kan takarda mai arha wadda ba ta jure shekaru, don haka ki fara da tambayar matan da suka yi ƙuruciya a lokacin, wasunsu na ajiye da su a ƙasan akwati har yau.