Amsa ga ƙanwata mai son zuwa Koriya ta shiga ƙungiyar K-pop

Ƙanwata, sau uku ina sauraren saƙon muryarki. Kin ce kin gama sakandare, kin iya rawa da waƙa, kuma kin ji ana cewa baƙin da ake sakawa cikin ƙungiyoyin K-pop, wato waƙar zamani ta Koriya ta Kudu, su ne ke sa ƙungiya ta karɓu a ƙasashen waje. Shi ne kike tambaya ko ke ma za ki samu gurbi idan kika zo. Shekarata huɗu a Seoul, babban birnin ƙasar, kuma ba na so ki taso a kan labarin da aka ba ki rabi.

Gaskiya ne baƙi suna buɗe ƙofa. Lisa ta Blackpink 'yar Tailan ce. Kamfanin YG ya tantance ta a ƙasarsu a 2010, ta zo Koriya a 2011, ta shekara biyar tana karɓar horo kafin ƙungiyar ta fito a 2016, kuma mutanen Tailan suka rungumi Blackpink kamar tasu. Twice kuwa, da kamfanin JYP ya fito da ita a 2015, uku daga cikin 'yan matanta tara Japanawa ne: Momo da Sana da Mina. Da suka shiga Japan a 2017 ba su nemi tafinta ba, kuma kafin shekarar ta ƙare sun hau shirin waƙa na daren sabuwar shekara na tashar NHK, shirin da Japanawa ke ji da shi. Na taɓa tsayawa a tashar jirgin ƙasa ta Hongdae ina kallon wasu 'yan mata baƙi sun yi layi suna ɗaukar hoto a gaban allon taya wani mawaƙi ɗan ƙasarsu murnar ranar haihuwa. Kuɗin allon ma masoyansa na can gida ne suka yi karo-karo suka biya.

To amma ki dubi ƙasashen da kyau: Japan, Tailan, Sin, Taiwan. Japan ita ce kasuwar waƙa ta biyu a duniya bayan Amurka. Kafin kamfani ya ɗauki baƙuwa, lissafi yake yi: mutum nawa a ƙasarta za su sayi kundi, nawa za su yanki tikiti, kamfanoni nawa za su ba da talla? A nan masoyi ɗaya kan sayi faifai goma na kundi guda, don kawai katin hoton da ke ciki, ko don ƙuri'ar shiga taron ganawa da mawaƙa. Mu kuwa a Kano da Kaduna da Abuja akwai masoya na haƙiƙa, amma a waya muke kallo, da ɗan datan da ya samu. Har yanzu sunanmu bai shiga littafin cinikinsu ba. Abin yana min ciwo, don na san muryoyin da muke da su a gida.

Kuma baƙo ba sharaɗi ba ne. BTS su bakwai ne, duk Koriyawa, amma a 2020 waƙarsu ta hau matsayi na ɗaya a jadawalin Billboard na Amurka.

Na san za ki ce Fatou fa? Ina jinjina mata ƙwarai. A Senegal aka haife ta, ta girma a Beljiyam, ta fito da Blackswan a 2020. Sai dai ƙaramin kamfani ne, kuma ko da ƙungiyar ta kai ba Bakoriya ko ɗaya a cikinta, ta samu masoya a Indiya da Barazil, ba ta kama ƙafar Twice a ciniki ba. Akwai kuma Manon ta Katseye, wadda mahaifinta ɗan Gana ne, ita kuma ta tashi a Suwizalan. Sama da mutum 120,000 ne suka nemi shiga gasar da ta haifar da ƙungiyar, aka zaɓi 20, shida suka kai labari. Ki lura, Fatou da Manon su biyun daga Turai suka taso.

Ga kuma nauyin da baƙuwa ke ɗauka. A farkon 2016, Tzuyu ta Twice, 'yar Taiwan, tana da shekara 16 aka taso mata a Sin saboda ta riƙe tutar Taiwan a wani shiri, har ta fito a bidiyo tana karanta takardar neman afuwa. A ajinmu na koyon harshe akwai wata yarinya Bajapaniya da ke karɓar horo a wani kamfani. Kullum abincin ranarta dafaffen dankali guda da ƙwai, don ana auna nauyinta. Kanta a kan tebur take yini saboda sun kwana atisaye. Wata takwas muka yi tare, ran nan muka tarar da kujerarta ba kowa, an sallame ta ta koma gida. Ban da wannan, irin suturar da ake sa su sakawa kin gani da idonki, kin kuma san gidan da kika fito.

Ban ce kada ki zo ba. Ki zo ta hanyar karatu. Gwamnatin Koriya tana da tallafin karatu mai suna GKS: tikitin jirgi, kuɗin makaranta, alawus na wata-wata, da shekara guda ta koyon harshe. Kujerun kaɗan ne, sai mai maki mai kyau, amma ana samu. Cibiyar Al'adun Koriya da ke Abuja, wadda aka buɗe a 2010, tana koyar da harshen, kuma jarrabawar TOPIK ita ce za ta nuna matakinki. Bizar ɗalibi D-2 ce, ta masu wasa a dandali E-6, kuma ɗalibi ba ya aikin kuɗi sai da izinin hukumar shige da fice. Duk wanda ya ce miki a Instagram ki turo kuɗi ya kai ki gwaji, ki toshe shi. Manyan kamfanonin ba sa karɓar ko sisi a kan gwaji, har ta intanet ana tura musu bidiyo.

In har zuciyarki na kan waƙa, ki karanci haɗa sauti, ko tsara dandali, ko kasuwancin waƙa. Bayan kowace yarinya da kike gani a gaban kyamara akwai tarin ma'aikata, kuma irin iliminsu ne mawaƙanmu na Arewa suka fi ƙishirwa.

Ki turo min hoton sakamakonki na WAEC a daren nan. Ki fara haddace haruffan Hangul, wato rubutun Koriya, 24 ne kacal, mako guda ya ishe ki. Ranar Juma'a bayan na dawo daga masallacin Itaewon zan kira Umma mu yi maganar, ke ma ki kasance a kusa.