Amsa ga mai tambaya kan asalin makarantar kimiyya ta Dawakin Kudu

Malama, kin tambayi yadda aka kafa makarantar nan da ɗanki ya ci jarrabawarta, da dalilin da ya sa aka kai ta bayan gari. Allah Ya sanya alheri. Ni a can na yi, bari in faɗa miki abin da na sani.

A 1977, zamanin Kanar Sani Bello yana gwamna, aka kafa hukumar makarantun kimiyya ta jihar Kano, aka fara da guda biyu: Dawakin Kudu da Dawakin Tofa. Dalilin a fili yake. Asibitoci da ma'aikatu sun cika da likitoci da injiniyoyi baƙi, 'yan ƙasa kuwa sai ka ƙirga su da yatsu. Sai aka ce a tace yara masu ƙwaƙwalwa daga sauran makarantu ta hanyar jarrabawa, a tara su wuri guda, a ba su malamai da ɗakunan gwaji. 'Yan farko daga aji biyu aka ɗebo su, mu kuwa sai da muka gama aji uku na ƙaramar sakandare. Daga baya aka buɗe ta 'yan mata a Taura, wadda ta faɗa Jigawa a 1991.

Batun nisa kuwa, wallahi shi ne rabin sirrin. A lokacinmu in ka sauka a Kwanar Dawaki daga titin Zariya, sai gonakin dawa da gero hagu da dama. Ba zancen leƙa gida da yamma, ba yawon kasuwa. Kai da littafi ne, sai ƙullin garin kwaki da ƙuli-ƙulin da Inna ta cusa maka a ƙasan akwati. Har yau ina ganin ranar da na fara ɗiga asid a kwalba, ruwan ya rikiɗe ya koma ja-ja a gabana, hannuna na rawa. Ɗan manomi ne ni, a gidanmu ba wanda ya taɓa riƙe irin wannan kwalbar.

Yanzu gari ya miƙo ta wajen Na'ibawa, gine-gine sun ci gonaki da yawa, nisan ya ragu. Tsofaffin ɗalibai kuma suna nan a ƙungiyarmu ta KASSOSA, likitoci da injiniyoyi da malaman jami'a birjik.

Ki bar shi ya tafi, Malama. Ki haɗa masa gidan sauro da rigar sanyi, don hunturun can ba wasa, kuma ranar ziyara kada ki fasa zuwa.