Zambon da 'yan Indonesiya ke yi wa ɓarayin gwamnati yana ɗaure wani?

Tambaya: Malam, na ji an ce a Indonesiya 'yan sanda sun taɓa ɗauke wani mutum saboda barkwancin da ya sa a Facebook, kuma wai mutanen ƙasar gwanaye ne wajen yi wa shugabanni zambo kan cin hanci. Shin wannan ba'ar tana canza wani abu, ko dai a yi dariya ne a watse, ɓarawo ya ci gaba da cin karensa babu babbaka? Mai karatu, daga Zariya.

Amsa: Labarin da ka ji gaskiya ne, ɗan'uwa. A watan Yunin 2020 ya faru, a tsibiran Sula na lardin Maluku ta Arewa. Barkwancin ma ba na mutumin ba ne, na marigayi Abdurrahman Wahid ne, wanda aka fi sani da Gus Dur, malamin da ya jagoranci ƙungiyar Nahdlatul Ulama kafin ya shugabanci ƙasar daga 1999 zuwa 2001. Cewa ya yi 'yan sanda masu gaskiya uku ne kacal a Indonesiya: mutum-mutumin ɗan sanda, da tudun rage gudu na kan titi da suke kira ɗan sanda mai barci, sai Janar Hoegeng, tsohon shugaban 'yan sandan ƙasar da ya yi suna wajen ƙin cin hanci. Aka yi wa bawan Allahn da ya sa barkwancin a Facebook tambayoyi, aka sa shi ya ba da haƙuri a bainar jama'a. Da ƙasa ta ɗauki surutu, hedikwatar 'yan sanda da kanta ta tsawata wa jami'an yankin.

Habaici ga masu mulki tsohon abu ne a can. A wasan inuwa na mutanen Jawa, wanda ake kwana ana yi da 'yan tsana na fata, akwai wasu barori huɗu, Semar da Gareng da Petruk da Bagong. Idan dare ya raba sai su fito su bar labarin sarakunan da, su shiga zancen tsadar shinkafa da halin masu gari, kamar dai yadda wawan sarki ke faɗin abin da bafade ba zai iya ba. A zamanin Suharto, wanda ya riƙe ƙasar fiye da shekara 30 har zuwa 1998, wannan dabara ce ta rufa wa masu zane asiri. Zanen Panji Koming da jaridar Kompas ta fara bugawa a 1979 yana ba da labarin tsohuwar daular Majapahit ne, amma kowa ya san fadar da ake nufi. Wanda ya matso kusa da gaskiya kuwa ya ji a jikinsa: a 1990 an hana ƙungiyar Teater Koma ci gaba da wasanta kan gadon mulki, a 1994 kuma aka rufe mujallar Tempo.

To, yanzu ga ainihin tambayarka. Zambo shi kaɗai bai taɓa ɗaure kowa ba. Aikinsa shi ne ya hana a rufe magana, ya kuma sa ƙaryar babban mutum ta yi nauyin da ba mai iya ɗauka.

Dubi shari'ar Setya Novanto, shugaban majalisar dokoki na lokacin. Hukumar yaƙi da cin hanci ta KPK ta tuhume shi a badaƙalar katin ɗan ƙasa, inda ƙasar ta yi asarar kusan rufiya tiriliyan 2.3. A Nuwamban 2017 jami'ai suka je gidansa ba su same shi ba. Washegari da dare sai ga labari motar da yake ciki ta daki falwaya a Jakarta, an kwantar da shi a asibiti. Lauyansa ya fito gaban 'yan jarida ya ce goshin maigidansa ya yi kumburi kamar curin burodi. Kafin gari ya waye intanet ta cika da masu yi wa falwayar jaje, suna mata addu'ar samun sauƙi, suna kiran a cece ta. Wannan dariya ta kashe uzurin rashin lafiyar tun kafin a je kotu. A Afrilun 2018 aka yanke masa shekara 15, lauyan ya sami 7 saboda kawo wa bincike cikas, likitan ma aka ɗaure shi. Amma ka lura, masu binciken KPK ne suka tara hujjoji. Da babu su, da an yi dariyar an tashi.

Haka aka yi a 2009, lokacin da wani babban jami'in 'yan sanda, Susno Duadji, ya kwatanta KPK da tsaka mai neman faɗa da kada. Jama'a suka karɓe maganar suka ce su ma tsaka ne. Mutum sama da miliyan ɗaya suka mara wa shugabannin hukumar biyu da aka tsare baya a Facebook, har aka sake su.

Akwai kuma inda dariyar ta gaza, kuma nan ne abin ke min ciwo. A Afrilun 2017 aka watsa wa Novel Baswedan, babban mai binciken KPK, ruwan asid yana dawowa daga sallar Asuba, idonsa na hagu ya lalace. 'Yan sanda biyu aka kama. A 2020 masu gabatar da ƙara suka nemi a ɗaure su shekara ɗaya kawai, wai ba fuskar suka nufa ba. Wani matashin ɗan barkwanci, Bintang Emon, ya ce ai ruwa ƙasa yake zuba, ba zai tashi daga jiki ya hau fuska ba sai in da hannu mutumin ke tafiya, ƙafafu a sama. Miliyoyi suka kalla. Nan da nan wasu asusun kafofin sada zumunta suka taso masa da ƙazafin shan ƙwaya, sai da ya nuna takardar gwaji. Hukuncin da aka yanke: shekara biyu ga ɗaya, shekara ɗaya da rabi ga ɗayan. Kafin nan, a 2019, majalisa ta yi wa dokar KPK kwaskwarimar da ta rage mata ƙarfi duk da zanga-zangar ɗalibai. Shi kansa Novanto an rage masa hukunci, an sake shi bisa sharaɗi a 2025. Shi ya sa za ka ji 'yan ƙasar na cewa dokarsu wuƙa ce mai kaifi ta ƙasa, dakusasshiya ta sama.

Fili kuma yana ƙara tsukewa. Dokar sadarwar intanet ta 2008 ta daɗe ana amfani da ita wajen kai masu suka kotu da sunan ɓata suna. A 2021 hukumomi sun shafe zanen bango a Tangerang mai ɗauke da fuskar da ta yi kama da ta Shugaba Joko Widodo, an rufe idanun da rubutun "404", alamar abin da aka nema a intanet ba a samu ba. Sabon kundin laifuffuka da majalisa ta amince da shi a Disamban 2022 ya tanadi ɗaurin da zai kai shekara uku ga wanda ya ci mutuncin shugaban ƙasa, idan shugaban ya kai ƙara da kansa. Saboda haka matasa da yawa ba sa ma rubuta sunan ƙasarsu idan za su yi suka. Sai su ce abin ya faru ne a "Konoha" ko "Wakanda", garuruwan tatsuniya da suka aro daga finafinai, don kada a samu abin riƙewa a kansu gaban alƙali.